Wutar da ba ta barin toka: zare kan haɗewar nukiliya cikin sanyi

1/
Zaren yau dogo ne, ku gyara zama. Magana ce kan abin da Turawa ke kira cold fusion, wato haɗewar nukiliya cikin sanyi: da'awar cewa aikin da rana take yi a zafin digiri miliyan 15, za a iya yin irinsa cikin kwalba a kan tebur. 🧵

2/
Duk bayan 'yan watanni sai wani bidiyo ya zagayo WhatsApp, ga janareto mara mai, ga akwatin da ke ba da wuta har abada, wai masu kuɗin fetur ne suka danne shi. Wanda ya kwana cikin zafi babu wuta ba laifinsa ba ne in ransa ya so ya yarda. To masu ɗan karatu cikin masu yaɗa irin wannan sukan kafa hujja da abu guda: gwajin Utah na 1989. Shi nake so mu buɗe cikinsa.

3/
Ranar 23 ga Maris, 1989, masana kimiyyar sinadarai biyu suka kira taron 'yan jarida a Jami'ar Utah da ke Amurka. Martin Fleischmann daga Jami'ar Southampton ta Ingila, da Stanley Pons, shugaban sashen sinadarai na Utah ɗin. Fleischmann ba ɗan koyo ba ne fa, yana cikin manyan fanninsa a duniya a lokacin.

4/
Kayan aikinsu: kwalba, sandar ƙarfen faladiyam, wayar filatinam, ruwa mai nauyi, sai lantarki. Ruwa mai nauyi shi ne wanda haidirojin ɗinsa diyutiriyam ne, mai furoton ɗaya da niyutron ɗaya a cibiya. A ruwan da muke sha ma akwai shi, kusan ɗaya cikin kowace ƙwayar haidirojin 6,400.

5/
Lantarki yana tsaga ruwan, faladiyam kuma yana shanye diyutiriyam kamar soso. Tun 1866 Thomas Graham ya gano wannan hali nasa, yana iya shan haidirojin da ya kai girman jikinsa sau 900. Suka ce kwalbar tana fitar da zafi fiye da wutar da suke ba ta, zafin da ya fi ƙarfin duk wani haɗin sinadari. Har suka rubuta cewa wani curin faladiyam ya narke musu ya lalata wurin gwajin.

6/
A gefe: kada a haɗa wannan da ƙaramin riyakton bincike na CERT a Zariya, wanda aka kunna a 2004. Wancan tsaga babbar cibiyar yuraniyam yake yi. Namu na yau haɗa ƙanana biyu ne su zama ɗaya.

7/
Matsalar farko ita ce katanga. Kowace cibiyar diyutiriyam tana da caji iri ɗaya da 'yar uwarta, don haka tura juna suke, kamar ka juya maganaɗisu biyu fuska ɗaya. Ƙarfin da zai ɗaure su ba ya kamawa sai sun matso ƙwarai. In ka ɗauki wannan tazarar kamun a matsayin mita ɗaya, to cibiyoyi biyu a cikin iskar diyutiriyam suna nesa da juna fiye da kilomita 20.

8/
Rana tana cin wannan katanga da zafi da matsi. ITER da ake ginawa a kudancin Faransa yana neman digiri miliyan 150. A ɗaki kuwa sai dai a dogara da wata ƙofa da kimiyyar kwantam ta bari: ƙwaya tana iya ratsa katanga ta ɓulla ɗaya gefen ba tare da ta haura ba. Wannan gaskiya ne, an tabbatar, har rana ma tana amfani da shi.

9/
Amma sau nawa? Steven Koonin da Michael Nauenberg sun yi lissafin a 1989. Diyutiriyam biyu da ke manne a zafin ɗaki, kafin su haɗe, sai su jira daƙiƙa kamar haka: rubuta 3, ka jera mata sifili 63. Shekarun sararin samaniya gaba ɗaya, a ƙiyasin masana, 4 ne da sifili 17 na daƙiƙa. Ka ga girman ramin da ake son tsallakewa.

10/
Hanya ta farko da aka kawo, ita ce ta Fleischmann da kansa: matsi. Ya ce lantarkin yana cusa diyutiriyam cikin ƙarfen da ƙarfin da ya yi daidai da matsin iska mai sifili sama da 20. A takarda abin yana da ban sha'awa.

11/
Sai dai in ka auna inda diyutiriyam ke zama a cikin saƙar faladiyam, kowanne yana da ɗakinsa, kuma tsakaninsa da maƙwabcinsa ya kusa ninka tazarar da ke cikin iska sau huɗu. Wato ƙarfen raba su ya yi. A shekarar dai Anthony Leggett da Gordon Baym suka nuna cewa muddin ƙarfen yana zaune lafiya cikin daidaito, akwai iyakar da saurin haɗewar ba zai wuce ba, kuma iyakar tana can ƙasa nesa da abin da ake bukata.

12/
To yanzu ga wadda na fi so, don ita kam gaske ce, ba gardama. Akwai wata ƙwaya, miyuwon. Cajinta irin na ilaktiron ne, amma ta fi shi nauyi sau 207. In ta kori ilaktiron ta maye gurbinsa, sai ta jawo cibiyoyin biyu su matso kusan sau 200. Katangar ta zama siririya, sai su ratsa nan take.

13/
Charles Frank ya hango hakan a 1947, Andrei Sakharov ma ya hango a Tarayyar Sobiyet. A 1956 Luis Alvarez da mutanensa suka gan shi da ido a Berkeley, cikin ruwan haidirojin mai sanyin da ya kai digiri 250 ƙasa da sifili. Haɗewar nukiliya cikin sanyi na haƙiƙa ke nan, shekara 33 kafin Utah.

14/
Me ya hana mu kunna fanka da shi? Abu biyu. Miyuwon ba ta da tsawon rai, kashi 2.2 cikin miliyan na daƙiƙa ta mutu. Sannan wani lokaci takan liƙe wa hiliyam ɗin da aka haifa, ta tafi da shi, aiki ya tsaya. Steven Jones ya kai kusan haɗewa 150 da miyuwon ɗaya a Los Alamos. Kuɗin ƙera miyuwon ɗin, a ma'aunin makamashi, ya fi abin da 150 ɗin ke dawowa da shi. Ciniki ne na faɗuwa.

15/
Kuma babu injin ƙera miyuwon a kwalbar Utah. Waɗanda ke faɗowa daga sama, kusan ɗaya a minti kan kowane murabba'in santimita, ba su isa ɗumama ko cokalin shayi ba.

16/
Sai aka ce to ko ilaktiron ɗin ƙarfen ne ke yin aikin miyuwon? Cikin ƙarfe ilaktiron suna yawo kamar ruwa. In suka taru tsakanin cibiyoyi biyu za su rufe wani ɓangare na cajin, turin ya ragu. A kira shi labule.

17/
Nan ma akwai ƙamshin gaskiya, har ya ba masana mamaki. Rukunin Claus Rolfs a Bochum ta Jamus, da wasu a Berlin, da Jirohta Kasagi a Jami'ar Tohoku ta Jafan, sun harba diyutiriyam kan ƙarafa suka auna. A iska labulen yana rage katanga da kusan ilaktiron-bolt 25. A wasu ƙarafan suka ga ɗaruruwa, fiye da yadda lissafin littafi ya ce.

18/
Amma ku lura, harbawa suka yi da injin, da ƙarfin dubban ilaktiron-bolt. Zafin ɗaki bai wuce kashi ɗaya cikin 40 na ilaktiron-bolt ɗaya ba. Labulen yana rage sifilai da dama daga lissafin Koonin, sai dai ramin da ke tsakanin lissafin da zafin wat ɗaya ya kai sifili wajen 50.

19/
Akwai kuma zancen tsagewa. In ƙarfe ya sha diyutiriyam ya ƙoshi, yakan dare. A bakin tsagar caji yana rabuwa, ya haifar da ɗan ƙaramin filin lantarki mai ƙarfi da zai iya wurga ƙwaya da gudu. Masanan Sobiyet sun yi wannan magana tun kafin 1989. A 2005 ma a UCLA an ɗumama wani lu'ulu'u, cajinsa ya wurga diyutiriyam, aka samu haɗewa a kan tebur. In ka duba da kyau wannan haɗewar zafi ce a ɗan mitsitsin wuri, jikin na'urar ne kawai ke da sanyi.

20/
Yanzu mu zo inda ni nake ganin maganar take. Mutane sun fi ɓata lokaci kan "ta yaya za su tsallake katanga". A ganina tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: bayan sun tsallake, ina tokar?

21/
In diyutiriyam biyu suka haɗe, hanya uku ce a gabansu. Kusan rabin lokaci a samu tiritiyam da furoton. Kusan rabi a samu hiliyam-3 da niyutron. Sai can ba a rasa ba, kamar sau ɗaya cikin miliyan goma, a samu hiliyam-4 tare da hasken gama mai ƙarfin ilaktiron-bolt miliyan 23.8.

22/
Yi lissafi da ni. Wat ɗaya kacal, wanda bai kai cajar waya ba, yana bukatar haɗewa sama da tiriliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Rabinsu niyutron. Wato niyutron kusan tiriliyan a daƙiƙa suna fita daga kwalbar gilashi da babu kariya, mutum yana tsaye a gefe. Da ya mutu. Masana fizik har zolaya suke da wannan, suna tambaya ina gawar ɗalibin da ya kula da gwajin.

23/
Fleischmann da Pons suna nan garau a gaban kamara. Niyutron ɗin da suka ce sun gani sun gaza abin da zafin ke bukata sau miliyoyi masu yawa. Ɗan wannan ma bai tsira ba: Richard Petrasso da abokansa a MIT suka duba zanen hasken gama da suka wallafa, suka nuna siffarsa ba irin wadda na'urar za ta bayar ba ce in da niyutron ne suka haifar da shi.

24/
Ranar 1 ga Mayu, 1989, a taron ƙungiyar masana fizik ta Amurka a Baltimore, Nathan Lewis na Caltech ya ce sun gwada iri-iri ba su ga komai ba. Ya kuma nuna cewa in ba a motsa ruwan kwalbar sosai ba, wani gefe ya fi wani zafi, ma'aunin zafi sai ya faɗa maka abin da wurin da ka tsoma shi ya ce. Ga kuma iskar diyutiriyam da iskar oksijin da ke iya sake haɗuwa cikin kwalbar su ba da zafin da ba a sa a lissafi ba.

25/
John Huizenga, wanda ya jagoranci kwamitin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta kafa a shekarar, ya ce abin yana bukatar mu'ujiza uku a jere. A tsallake katanga. A juya rabon hanyoyin nan, ta ɗaya cikin miliyan goma ta zama ita ce babba. Sannan hasken gama ya ɓace ya koma zafi ba tare da kowa ya gan shi ba.

26/
Ku kalli abin da ya faru da hanyoyin da muka bi a baya. Miyuwon: niyutron suna fita. Labulen ilaktiron: suna fita, da ƙirga irin waɗannan ƙwayoyi ma aka auna shi. Lu'ulu'un UCLA: da niyutron aka tabbatar. Duk inda aka ga haɗewa cikin sanyi da gaske, tokar tana nan yadda littafi ya faɗa. Dalili kuwa, cibiyar da ta riga ta haɗe ba ta damu da ta wace ƙofa aka shigo ba.

27/
Shi ya sa ra'ayoyin da suka biyo baya suka koma neman inda za a ɓoye tokar. Mafi girman suna a nan Julian Schwinger ne, mai kyautar Nobel ta 1965. Da mujallar ƙungiyar masana fizik ta ƙi buga takardarsa, ficewa ya yi daga ƙungiyar gaba ɗaya. Shi da Peter Hagelstein na MIT, kowa da salonsa, suka ce wataƙila saƙar ƙarfen ce ke karɓar makamashin kai tsaye ta hanyar girgiza. Hiliyam-4 ya fito, zafi ya fito, babu niyutron, babu gama.

28/
Wallahi ra'ayin yana da kyau, kuma mutanen ba wawaye ba ne. Amma dubi canjin da ake nema. Girgiza ɗaya ta saƙar ƙarfe tana ɗaukar 'yan kashi cikin ɗari na ilaktiron-bolt. Kai kuma kana da dunƙulen miliyan 23.8. Sai an fasa shi gida kusan biliyan, a raba, lokaci guda. Kamar ka miƙa wa mai ƙosai cek na biliyan ka ce ta ba ka canji da naira ɗai-ɗai kafin ka kifta ido.

29/
Lokacin ma shi ne babbar ƙaya. Cibiyar da ta haɗe takan fashe cikin wani ɗan lokaci da ko haske, wanda babu abin da ya fi shi gudu, bai isa ya kai ga atam na kusa ba. Saƙo bai isa wurin maƙwabta ba, yaya za su zo ɗaukar kaya?

30/
Masu ra'ayin sukan kawo misalin abin da Rudolf Mössbauer ya gano a 1958, inda dukan saƙar ƙarfe ke tallafa wa cibiya ɗaya. Gaskiya ne yana faruwa. Sai dai a can saƙar tana karɓar ɗan ja-da-baya ne kawai, irin na bindiga a kafaɗa. Harsashin, wato hasken gama, yana fita abinsa.

31/
A 2006 Allan Widom da Lewis Larsen suka zo ta bayan gida. Suka ce ba haɗewa ba ce ma sam. Wai a fatar ƙarfen ilaktiron yana yin nauyi, furoton ya haɗiye shi ya zama niyutron mai tafiyar hawainiya, shi kuma niyutron ba shi da caji, babu katangar da za ta tare shi. Dabara ce. Amma mayar da furoton niyutron yana cin ilaktiron-bolt dubu 780, sinadarai kuwa da ɗai-ɗai suke ciniki. An rushe katanga ɗaya an gina wata. Kuma cibiyar da ta haɗiye niyutron takan fitar da gama, sai suka ce ilaktiron masu nauyin nan su ne kuma ke shanye shi. Ma'aikaci ɗaya, aiki biyu.

32/
Adalci dai: ɓangaren masu yarda suna da abu biyu da bai kamata a yi musu dariya ba. Michael McKubre na SRI ya ce zafin ba ya bayyana sai faladiyam ya ƙoshi ƙwarai, kusan diyutiriyam 9 ga kowane atam 10 na ƙarfen, kuma da yawa cikin masu gaggawar 1989 ba su kai nan ba. Melvin Miles kuma, a cibiyar sojan ruwan Amurka ta China Lake, ya ba da rahoto a 1991 cewa kwalaben da suka ba da zafi su ne suka ba da hiliyam-4.

33/
Na Miles shi ne ya fi ɗaukar hankalina, don toka yake nema, kuma nan ne wurin da ya dace a nema. Matsalar ita ce iskar da muke shaƙa tana da hiliyam kashi 5.2 cikin miliyan, abin da ya auna kuma bai kai wannan ba ko kusa, ga shi hiliyam yana ratsa gilashi. Tarihi ma ya taɓa yin wannan wasan: a 1926 Fritz Paneth da Kurt Peters a Berlin suka ce sun samu hiliyam daga haidirojin da faladiyam, daga baya suka janye da kansu, ashe ba daga haɗewa ya fito ba.

34/
Zancen "an danne shi" kuwa, bi sawun kuɗi. Jihar Utah ta ware dala miliyan 5, cibiyar da aka buɗe ta rufe a 1991. Kuɗin rukunin Toyota ya gina wa Fleischmann da Pons ɗakin gwaji a kudancin Faransa, ya rufe a 1998. Gwamnatin Jafan ta yi nata shirin ta tsayar a 1997. Jafan da ke sayo kusan duk manta daga waje, me za ta ci da danne wannan?

35/
Google ma ya shiga a 2015, dala miliyan 10, masana kusan 30. A 2019 suka wallafa a mujallar Nature cewa ba su ga alamar abin ba. Amma suka faɗi wani abu da ya yi wa McKubre daɗi: kai faladiyam ga wannan ƙoshin da riƙe shi a can yana da wuya ƙwarai, don haka ba su ce an rufe littafin ba. A 2023 hukumar ARPA-E ta Amurka ta sake ba da dala miliyan 10 ga ayyuka 8.

36/
Matsayina ke nan, don kar a ce na ɓoye: ban yarda zafin Utah na nukiliya ba ne. Na yarda akwai abin bincike a yadda ƙarfe ke sauƙaƙa haɗewa, saboda ma'aunan Bochum da Tohoku sun wuce abin da lissafi ya yi tsammani, kuma wannan rata ce ta gaske. In wani ya turo maka bidiyon akwati, tambaye shi abu biyu: ina na'urar ƙirga niyutron, kuma wa ya auna hiliyam ɗin a tukunyar ƙarfe rufaffiya.

37/
Curtis Berlinguette na Jami'ar British Columbia a Kanada, wanda yana cikin tawagar Google ɗin, bai bar faladiyam ba. A 2025 rukuninsa ya wallafa wani gwaji a Nature. Ta gefe ɗaya suna harba diyutiriyam kan farantin faladiyam. Ta ɗaya gefen suna ɗura masa diyutiriyam da ruwa mai nauyi da lantarki, irin dabarar Fleischmann sak.

38/
Da suka kunna ɓangaren ruwan, haɗewar ta ƙaru da kashi 15 cikin ɗari. Da ƙirga niyutron suka gane hakan. Na'urar tana cin wat 15, tana mayar da kusan kashi ɗaya cikin biliyan na wat.